Bangon Hajiya Lantana

A Hindawiyya ta Jidda, hawa na biyu,
Hajiya Lantana ta tare mu da carbi a hannu:
"Sati uku ke nan, Sallau, ƙarfe ukun dare
wani ke ƙwanƙwasa min bango, ƙwas, ƙwas, sai shiru.
Na yi turare, na yi tofi, na kunna karatu.
Ko wane ne, ba ya jin tsoro."

Kakana bai yi dariya ba.
Shekara arba'in yana bin sawun ruwa a bangon garin nan,
tun yana ɗaukar wa wani Bamisire jakar sifana.
Yanzu kunne ya yi masa nisa,
ni ke ji, shi ke fassara.

Ya ce, "Kowane kuka da mai shi.
In fito ka ji, siriri kamar buta a kan wuta,
roba ce ta cinye a wuyan famfo.
In ƙugi ne, irin na cikin mai azumi da la'asar,
iska ce ta shige ranar da aka ɗauke ruwa
take neman ƙofa.
Ɗis, ɗis kuwa, yaro, shi za ka ji wa tsoro,
shi ke cin gida ba sallama."

Muka ƙulle kowane famfo, muka durƙusa gaban mita.
Allura ko gezau. Ba yoyo ke nan.
Muka hau rufi, gumin teku na manne mana riga,
tanki cike, ƙwallonsa na iyo lafiya lau.
Na kunna inji, na kashe, na sake kunnawa.
Bango ya yi mana gum
kamar yaron da ciwo ya saki a ƙofar asibiti.

Dole muka kwana.
Hajiya ta ajiye shayi da dabino ta ja ƙofa.

Uku saura kaɗan, kaka ya tashe ni da ƙafa.
Ya dafa bakin sukudireba a jikin bututu,
ya ciji ƙotar da ragowar haƙoransa,
ya rufe ido, yana ji da ƙashin kai.
Shuu, ruwa ya hau. Ya daɗe yana tafiya.
Sannan ƙwas! Ƙwas.

Ya zare ƙarfen daga baki, ya share yawu.
"Wannan ai alwala ce.
Na bi shi tun daga hannu har ƙafar hagu.
Ruwa na cikin gudu aka rufe masa ƙofa a fuska,
ya juyo a fusace ya bangaji bututu,
bututu kuma tsatsa ta cinye maɗaurinsa,
sai ya huce a kan bango."

Da safe muka hau sama.
Muƙbil ne, tsohon tela Bayamale,
hannunsa na rawa, ba ya iya murɗa famfo a hankali.
Sati uku da rasuwar matarsa.
Ya ce barci ne ke korarsa daga gado,
shi kuma ya rasa wurin zuwa sai darduma.

Maɗauri na riyal biyu, ƙusa biyu, guntun roba.
Kafin azahar mun kwashe kaya.

Kwana biyar, waya ta yi ƙara.
Na sa ta a kunnen kaka, na dawo da ita nawa.
"Bangon ya yi shiru, Sallau, ni kuma idona biyu.
Ƙarfe uku na yi, sai in kasa kunne.
Ta yaya zan san tsohon nan ya tashi?"

Na ɗaga murya na maimaita masa.
Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa,
sannan ya miƙo min sukudireba.
"Je ka sassauta ƙusa ɗaya.
Ɗaya tak. Kuma kar ka karɓi kuɗi."